Robar Bonet da Arhar Kalmar "Asali"

A ƙarƙashin bonet ɗin kusan kowace mota akwai wasu 'yan robobi, kowace ba ta fi ƙwallon goro girma ba, waɗanda bonet yake sauka a kansu idan an rufe shi. Amurkawa suna kiransu da suna iri ɗaya da bambar gaban mota, abin da kan rikita baƙo. A nan zan kira su matokaran bonet. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Duk da haka, a duniyar masu maido da tsofaffin motoci ga kamanninsu na fari, manyan mutane masu furfura sukan shafe makonni suna jayayya a kan wace irin roba ce ta dace da wace mota. Mai kallo daga waje dariya yake yi. Ni kuwa ina ganin masu jayayyar sun fi masu dariyar hankali, kuma waɗanda suka cancanci a zarga su ne 'yan kasuwar da suka mai da kalmar "asali" abin liƙawa a jikin kowace leda, da masu gyaran da suke zubar da shaida a kwandon shara su maye gurbinta da abu mai ƙyalli.

Tun da farko, robar nan ba ado ba ce. Biyu na gaba, waɗanda suke zaune a kan ƙarfen da ke riƙe da lagireto, suna kan kusoshi masu zare, ana murɗa su sama ko ƙasa a ɗaure da noti, kuma da su ne ake daidaita bakin bonet da madigadi har su zo layi ɗaya. Su ne kuma suke tura bonet sama kaɗan domin makullinsa ya kasance a ɗame. In babu wannan turi, bonet zai riƙa rawa a kan hanya yana cin makulli. Na gefe suna hana ƙarfe gogar ƙarfe, fenti ya zube, tsatsa ta samu ƙofa. Robar da ta yi tauri fiye da kima tana hana bonet zama, mai mota ya riƙa buga shi da ƙarfi har ya lotsa. Wadda ta yi laushi kuwa ba ta daɗewa take lanƙwashewa. Amma aikinta ba shi ne ya jawo jayayya ba. Abin da ya jawo ta shi ne labarin da robar take bayarwa game da motar da take jikinta.

Babu misalin da ya fi Mustang ta kamfanin Ford fito da wannan. An fara haɗa ta a Dearborn ta jihar Michigan ranar 9 ga Maris 1964, aka nuna ta ga duniya ranar 17 ga Afrilu a babban baje-kolin New York, a kan farashin dala 2,368. A takarda, Ford bai taɓa yin Mustang ta 1964 ba: lambar jikin kowace ɗaya tana farawa da 5, wato samfurin 1965. Sai dai motoci 121,538 da aka ƙera kafin sauyin watan Agusta na 1964 sun bambanta da na bayansu a wurare da dama, har masu sha'awa suka raɗa musu suna "1964 da rabi". Janareto suke da shi, ba altaneta ba, shi ya sa fitilar gargaɗi ta dashbod take rubuta GEN maimakon ALT. Ƙaramin injinsu mai silinda shida shi ne 170, na silinda takwas kuma ya fara daga 260. Ham ɗinsu manya ne, an ɗaure su can ƙasa. Kujerar fasinja ta gaba ba ta matsawa. Gefen gaban bonet yana da wani ɗan leɓe na ƙarfe da aka daina yi daga baya. A cikin wannan jeri akwai matokarin bonet: na fari roba ce mai rami a tsakiya, ana hango kan sukuru mai tsaga huɗu a cikin ramin, irin wanda makanikanmu suke kira sita, na baya kuwa hular roba ce mai shafaffen kai wadda ta rufe kan kusar ruf.

Da a nan zancen ya tsaya, da babu abin faɗa. Sai a rubuta doka: kafin Agusta mai rami, bayan Agusta shafaffe. Abin da littattafan talla na masu sayar da kayan gyara suke yi ke nan, idan ma sun damu su bambanta. Da yawa roba ɗaya suke sayarwa su jera mata shekaru a gefe. Amma masana'antar mota ba ta aiki da kalanda irin wannan. Injiniya yakan sauya zanen abu a ofis, masana'anta kuwa tana da akwatunan tsohon samfuri a ajiye, kuma babu manajan da zai zubar da kayan da aka biya kuɗinsu saboda kawai an sauya zane. Za a ci gaba da ɗaura tsohon har ya ƙare. Sannan masana'antar ba ɗaya ba ce. Bayan Dearborn, San Jose ta Kalifoniya ta shiga aikin a tsakiyar 1964, Metuchen ta New Jersey ta biyo baya a farkon 1965. Harafi na biyu a lambar jikin mota, F ko R ko T, shi yake nuna inda aka haɗa ta. Kowace da rumbunta, da masu kawo mata kaya, da ɗabi'un ma'aikatanta. Har ranar da aka buga a ɗan farantin ƙarfen da ke jikin ƙofar direba ba lalle ba ne ta zama ranar da motar ta fito. Ranar da aka tsara haɗa ta ce, kuma kamfanin da ya ƙera Mustang miliyan ɗaya cikin shekara biyu ba ya rasa saɓani tsakanin tsari da aiki. Ke nan wanda ya tsaya gaban motar watan Agusta ko Satumba na 1964 ya ce da cikakken tabbaci robarta "kuskure" ce, ba ilimi yake nunawa ba, jahiltar yadda ake haɗa mota yake nunawa.

Za a ce, to a koma ga takardun kamfani mana. Ga motocin 1967 zuwa sama akwai rumbun bayanan Ford wanda Kevin Marti yake fitar da rahoto daga cikinsa, yana faɗin ranar da aka haɗa mota da launinta da kayan da aka sa mata. Ga na 1964 zuwa 1966 babu wannan rumbu. Kuma ko inda yake, rahoton ba ya sauka har kan roba. Littafin haɗa mota na masana'anta yana taimakawa, amma kowane shafi nasa ana yi masa kwaskwarima a sake buga masa kwanan wata, shafin da ya tsira sau da yawa shi ne na ƙarshe, kuma ko shi ɗin abin da injiniya ya so yake nunawa, ba abin da ma'aikacin dare ya ɗaura ba.

Babban tarkon da ya fi cin masu kuɗi shi ne kayan da ake kira sabo-tsoho, wato kayan gyara na Ford na gaske da suka kwana shekaru a kantin dillali ba a taɓa ɗaura su ba. Mutum ya ga kwali mai tambarin kamfani da lamba mai farawa da C5ZZ, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Lambar kanta ya kamata ta sa shi tsayawa. C tana nufin shekarun 1960, 5 shekarar, Z ta farko Mustang, Z ta biyu kuwa tana nufin kaya ne na sashen gyara, ba na layin haɗa mota ba. Sashen gyara bai damu da tarihi ba. Burinsa ya rage yawan lambobin da yake ajiyewa. Idan sabon samfuri zai shiga gurbin tsoho, sai a soke tsohon a umarci dillalai su sayar da sabon ga kowa. Wanda ya kai motarsa ta Afrilun 1964 gareji bayan shekara shida yana neman roba, abin da ke kan kanta a ranar za a ba shi. Kwalin gaskiya ne, robar gaskiya ce, amma shaidar da take bayarwa a kan kantin dillali ce, ba a kan abin da aka ɗaura a Dearborn ba. Kama da wane ba ta wane.

Daga nan ɓarnar take yaɗuwa, kuma yadda take yaɗuwa shi ne abin da ya fi ba ni takaici. Mai yin kwaikwayon kaya yana bukatar samfurin da zai auna. Mafi sauƙin samu shi ne sabo-tsohon nan na cikin kwali, domin yana da tsabta, bai lanƙwashe ba. Sai ya yi masa kwafi, ya rubuta "daidai da na asali" a jikin leda. Mai gyara ya saya ya ɗaura, ya jefar da busasshiyar robar da ya tarar. Motar ta je gasa ta ci kofi, a ɗauki hotonta a buga a mujalla. Mai gyara na gaba ya buɗe mujallar ya ga motar da ta ci kofi, ya bi sahu. Bayan shekara ashirin, motoci ɗari suna ɗauke da roba iri ɗaya, kowa yana kafa hujja da ɗan'uwansa, alhali shaidun ɗari ɗin nan duk daga baki ɗaya suka ji. Duk wanda ya taɓa gwada tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya san wannan ciwo: kuskuren marubuci ɗaya, idan aka yi ta kwafarsa, yakan rinjayi daidai da yawan kwafi kawai. Mafi muni, ranar da aka fito da wata mota da ta kwana shekara arba'in a rumfa ba wanda ya taɓa ta, robarta ta saɓa wa ta kowa, sai a sami wanda zai shawarci mai ita ya "gyara" ta kafin gasa. Garin gyaran gira a rasa ido.

Shaida ta gaskiya guda ɗaya ce: motar da ba a taɓa kwance ta ba. Ko ita ma ba a karɓar maganarta ido rufe. Ana duba ko kan noti yana da tabon sifana, ana duba ko ƙura da tsatsar da ke kan kusar sun yi daidai da na maƙwabtanta, ana duba inda fenti ya faɗa da inda bai faɗa ba, domin hakan yana nuna abin da aka ɗaura kafin feshi da abin da aka ɗaura bayansa. Ana karanta kwanakin da aka buga a jikin ƙarafan bodi a gwada su da na farantin ƙofa. Sannan mota ɗaya ba ta kafa doka. Sai an tara da yawa daga masana'anta ɗaya a makonni masu kusanci kafin a ce ga abin da aka saba ɗaurawa a lokacin, kuma ko a nan amsar takan zo da faɗi: daga wata kaza zuwa wata kaza ana ganin iri biyu. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo kuɗi, masu yinsa kuwa su ne ake yi wa dariya.

Ƙungiyoyin masu gasa suna da nasu alhakin, kodayake ba zan haɗa su duka a kwando ɗaya ba. Ƙungiyar masu maido da Corvette ta Amurka, NCRS, wadda aka kafa a 1974, tana auna kowane abu ta fuska biyar: siffarsa, kwanan watansa, cikarsa, yadda aka ɗaura shi, da irin shafen da ke jikinsa, kuma tana da lambar yabo ta musamman ga motar da ba a taɓa gyarawa ba. Ƙungiyar masu Mustang, MCA, wadda aka kafa a 1976, tana da rukunin da ba a yarda da kayan kwaikwayo a cikinsa. Wannan tsanani abin yabo ne, kuma yawancin abin da aka sani yau game da ƙananan bambance-bambancen nan daga alƙalan irin waɗannan ƙungiyoyi ya fito. Matsalar tana cikin ɗabi'ar gasa kanta. Alƙali yana da 'yan mintoci da takardar maki, takardar maki kuwa amsa ɗaya take so. Abin da masana'anta ta yi iri biyu ko uku, littafin hukunci yakan so ya mai da shi iri ɗaya, mai mota kuma da ya kashe dubban daloli ba zai yi caca da makinsa ba. Zai ɗaura abin da littafi ya ce. Ta haka ake samun motoci masu kamala wadda Dearborn ba ta taɓa fitar da irinta ba: fenti ba ɗigo, layi ba karkata, kowace kusa tana sheƙi.

Wannan jayayya ta girmi mota. A ƙarni na 19 Viollet-le-Duc, wanda ya jagoranci gyaran ganuwar Carcassonne a kudancin Faransa daga 1853, yana ganin maido da gini yana nufin kai shi ga cikar da mai yiwuwa bai taɓa samu ba a kowane zamani, har ya rufa wa hasumiyoyin birnin rufin dutse mai tsini irin na arewacin ƙasar. John Ruskin a Ingila ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin rushewa mafi muni, domin tana rushe abu sannan ta yi ƙarya game da abin da ta rushe. Masu gine-gine sun kai ga matsaya a Yarjejeniyar Venice ta 1964, shekarar da aka haifi Mustang: gyara ya tsaya inda zato ya fara, kuma abin da aka ƙara ya kasance ana iya gane shi. Masu motoci sai a 2013 tasu yarjejeniyar, ta Turin, ta fara aiki a ƙarƙashin ƙungiyar FIVA. Kusan rabin ƙarni ke nan na jinkiri, a cikinsa kuma an wanke motoci bila adadin da yashi har ƙarfe.

Akwai hujjar da masu adawa da ra'ayina suke kawowa wadda ba ta da rauni, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Roba aba ce mai mutuwa. Zafin inji da iskar ozon suna busar da ita, nauyin bonet yana danne ta har ta kasa komawa. Wanda yake hawa motarsa ba zai bar bonet yana kaɗawa a babbar hanya don girmama tarihi ba, kuma babu mai hankalin da zai nemi ya yi hakan. In ba don masu yin kwaikwayo ba, da rabin tsofaffin motocin nan suna kan duwatsu. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba sauya roba nake zargi ba. Abin da nake zargi shi ne sauyawa ba tare da ɗaukar hoton tsohuwar a mazauninta ba, da jefar da ita maimakon a sa ta a leda a rubuta gefen da aka ciro ta, da kuma, fiye da kome, kiran sabuwar "asali". Mai sayarwa yana da kalmomi masu gaskiya a hannunsa: "tana shiga", "tana aiki", "an kwaikwayo ta daga samfurin sashen gyara". Ya zaɓi kalmar da ta fi tsada ne domin ya san mai saye ba shi da hanyar ƙaryata shi.

Wanda yake ganin duk wannan wasan masu kuɗi ne, ya dubi inda kuɗin yake. Yau ana sayar da cikakken sabon bodin Mustang na shekarun 1960 da lasisin Ford, har mutum yana iya haɗa mota kusan gaba ɗaya daga littafin talla. Tsakanin Mustang ta talakawa da mai inji na musamman mai ƙarfin doki 271, wadda harafin K yake nunawa a lambarta, akwai tazarar farashi mai yawa. Tsakaninta da Shelby GT350 ta 1965, wadda guda 562 kawai aka yi, tazarar ta fi haka nesa. Inda akwai irin wannan tazara, akwai mai buga lambar ƙarya. Maƙaryaci kuwa yakan kula da manyan abubuwa: lamba, tambari, launi, inji. Abin da yake mancewa shi ne ƙananan da ba wanda yake tallata su, irin kan kusa, da ramin da aka huda da injin masana'anta ko da na hannu, da roba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk lokacin da mai gyara na kirki ya share waɗannan alamu daga motar gaskiya, ya sa ta yi kama da ta jabu, ya kuma rage yawan motocin da za a gwada ta jabun da su. Ba da niyya ba, yana yi wa ɗan damfara aiki kyauta.

Kasuwa ma ta fara juyowa, ko da yake a makare. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita a gwanjo a Florida a Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.74, da dusasshen fentinta da tsatsarta da lotsewarta. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda tun 1950 ake yinta kuma ta shahara da motoci masu sheƙi, babbar lambar yabo ta tafi a karon farko ga motar rukunin waɗanda aka adana ba tare da gyara ba, wata Bugatti Type 59 ta 1934. Masu gyaran da suka shafe shekaru talatin suna gaya wa abokan cinikinsu cewa tsohon abu abin kunya ne, yanzu su ne suke koyon yadda ake sa sabon abu ya yi kama da tsoho, wanda shi ma wata ƙaryar ce, sai dai ta juya baya.

Mai karatu a Kaduna ko Kano yana iya cewa wannan rigimar Amurkawa ce. Akwai inda ta taɓa mu kai tsaye. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka daina yinta can a 1983, amma masana'antar Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, tana haɗa kayan da aka shigo da su da waɗanda aka samo a cikin gida. Motar da ta fito daga Kakuri a 1995 ba ita ce wadda ta fito daga Sochaux a 1972 ba, kuma littafin kayan gyara na Faransa ba zai faɗi abin da aka ɗaura mata ba. Matasan da suka fara sha'awar farfaɗo da waɗannan motoci, idan hotunan motocin Turai na intanet suka bi, motar Faransa za su ƙera a kan bodin Kaduna. Shaidar yadda 504 ta Kaduna take tana jikin 'yan ƙalilan da suka rage a garejin tsofaffin ma'aikatan gwamnati, waɗanda aka rufe da tamfol tun rasuwar maigida, kuma kowane wata masu sayen ƙarfe suna zagayawa da sikeli.